Reshen da Ya Rufe Sunan Roelof

Shekara arba'in mijina Roelof yana yankan ciyawar jinka a fadamarmu ta bayan ƙauye, duk lokacin sanyi in ruwa ya daskare. Da ya rasu, mijin 'yata ya fara zancen a cike wurin da ƙasa a gina wa 'yan hutu ɗakuna. Don haushi na ba ƙaramar hukuma fadamar kyauta, na kuma sa lauya ya rubuta sharaɗi ɗaya: har abada kada a yanke ko tsinke a cikinta.

Harm, ƙanin Roelof, ya ce min, "Geesje, duk zamanki da mai lauje ba ki koyi komai ba? Ai yankan ne ke riƙe da fadama."

Na ce, "Kai dai ciyawar kyauta kake hange."

Yau shekara tara. Tun da aka daina yanka, bishiyoyi suka tsiro suka shanye ruwan, tsuntsayen da ke ƙwai cikin ciyawar suka ƙaura. Na je ofis na roƙi a soke sharaɗin. Ma'aikaciyar ta karanta takardar sau biyu, cikin ladabi ta ce, "Iya, har abada kika rubuta."

Jiya Harm ya kai ni fadamar. Allon da hukuma ta kafa da sunan Roelof yana nan, sai dai wani reshe ya rufe rabinsa. Almakashin lambu na cikin jakata. Har na sa hannu, sai na tuna ni ce na hana.