Gidajen da Naman Ɓauna Ya Shiga

"Inna Esnati, kada ki taɓa hannun!" na ce. Ta riga ta taɓa.

Mijinta Baba Yotamu, maƙwabcinmu maharbi, yana kwance a gindin mangwaro, wuyansa ya kumbura har ya haɗe da haɓa. A bayan hannunsa akwai miki mai baƙin tsakiya kamar gawayi. Na taɓa ganin irinsa a jami'a, a darasin cututtukan dabbobi.

"Baba, ɓaunar da ka feɗe, jininta ya daskare?"

"Ji 'yar boko." Ya ja numfashi da ƙyar. "Baƙi ne, yana ta tsiyaya. Da ma tana tangaɗi na same ta."

"Da me ka wanke hannu?"

"Ciyawa. Ina ruwa a dajin Luangwa da rani?"

"Kuma a baki yake riƙe wuƙar in yana jan hanji," in ji Inna. "Shekara talatin ina faɗa masa."

"Shekara talatin kina cin naman."

Ba shi da takardar farauta, don haka a ɓoye ya raba naman kwana huɗu da suka wuce. Naman yana can rataye a gidajen mutane yana bushewa.

"Baba, su wa ka ba?"

"Don ki kai su wurin masu gadin daji? Dailesi, a kafaɗata kika girma."

Ni da ban iya haɗa ido da babba, na durƙusa na dube shi.

"Naman ne ya kwantar da kai. Akwai yara a gidajen nan."

Inna ta daina yi masa fifita.

"Ƙirji na mai gari," ya ce. "Cinya gidan Fakisoni. Hanta... Tisa, mai 'yan biyu."

Na bar ana ɗaura wa shanu amalanke don kai shi asibiti, na ruga. Gidan Fakisoni sun zage ni kafin su sauke naman. Mai gari ya sa aka haƙa rami aka hura wuta don ƙona naman. Tisa ta ƙyafe hantar, tana jiran Lahadi. Na ɗauke hantar da sanda don kada in taɓa ta, yaran suna kuka.

Ina dawowa na hango amalanken ya juyo, ko rafi bai kai ba. Babu mai kora shanun, suna tafe a hankali, an lulluɓe Baba da zane har kai. Inna Esnati tana biye, ta rungume takalmansa a ƙirji.