Mai Kiran 'Yan Sanda Ranar Juma'a

Tun kafin ya cire takalmi Kwamanda Muniru ya san a kansa aka kira taron. Ya yi sallama, mutum biyu suka amsa.

Ƙungiyar jana'iza ce ta masallacinsu na unguwar Tremont, nan ƙasar waje, wadda ke mayar da gawar ɗan ƙungiya gida. Muniru ya shige ta ne da buri guda, a kai shi garinsu Djougou a kwantar da shi kusa da matarsa Ramatou. Ya haura saba'in, ga ciwon suga.

Alhaji Saeed, shugaban ƙungiyar, mutumin Kumasi, ya faɗi abin da ya tara su. An daɗe duk Juma'a liman na huɗuba 'yan sanda na waje suna manna tikitin tara a motocin masallata. Wannan Juma'ar har an ja tasin Abdou, da ya ajiye a bakin famfon 'yan kwana-kwana. Kuma an ga mai buga wa 'yan sandan waya, tsaye a ƙofar shagon wanki.

"Kwamanda, kai ne?"

"Ni ne."

Ya so ya yi bayani. A Jamhuriyar Benin ta zamanin gurguzu ya fara aikin ɗan sanda, yana busa usur a shataletalen Parakou. Aka tura shi kwas Moscow, ya dawo ya yi ta hawa, har duk hanyar arewa zuwa gadar Malanville ta koma hannunsa. A lokacin kowa kamarad ne, kuma wanda ya ga laifi a titi ya yi shiru, shi ma ya yi laifin. Da mulkin ya faɗi aka yi masa ritaya, ya zo nan yana gadi a wani gareji. Bai kai rabin wannan ba Abdou ya katse shi.

Abdou ɗan Gaya ne, a can Nijar, tsohon direban babbar mota. Ya ce ba sai an gaya masa ko wane ne Muniru ba. Wannan mutumin ne ya taɓa tsare shi da lodin albasa a bakin gada, wai kaya sun yi yawa, har albasar ta fara tsiyayar ruwa, mai kaya ya kore shi daga aiki. Duk ɗan sandan hanyar nan ana iya jan shi gefe a gaisa. Shi wannan, ka miƙa masa goro ya ƙara maka laifi.

"Gwamnatinka ta mutu tun yaushe, Kamarad. Wa kake yi wa aiki yanzu?"

Aka yi dariya. Muniru ya juya ga Alhaji Saeed. Ya ce titin nan ƙarami ne, idan aka jera motoci layi biyu motar asibiti ba ta wucewa, kuma akwai tsohuwa a bene na huɗu da ake zuwa ɗauka a kai ta wankin ƙoda. Ya ce ya sha faɗa musu a bakin ƙofa, suka mayar da shi mahaukaci. Su ba shi titin ranar Juma'a, shi zai jera motocin, ba wanda zai ƙara ganin tikiti.

Wani daga baya ya ce sai dai a saya masa usur. Abdou ya ce ya gama tsayawa da hannun mutumin nan tun a Malanville.

Alhaji Saeed ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce shi ba ya son a kori dattijo. Abu ɗaya ake nema, Kwamanda ya yi alkawari gaban jama'a ba zai sake kira wa ɗan'uwansa Musulmi 'yan sanda ba. In ya ƙi, ƙungiya ta sallame shi, ranar da ta Allah ta kasance a binne shi a maƙabartar New Jersey kamar duk wanda ba ɗan ƙungiya ba.

Muniru ya dubi kafet. Ya tuno kabarin Ramatou, da filin da ya sa ƙanensa ya kewaye da bulo a gefensa. Kalma ɗaya ce, kuma ya san Alhaji ba zai bi diddigi ba.

"Za ku daina toshe titin?"

"Ba wannan aka tambaye ka ba, Baba."

"To, ba zan iya ba."

Ba wanda ya roƙe shi. Ya dafa bango ya miƙe, gwiwarsa na ƙara, ya ratsa tsakanin mutanen da ba su janye ƙafafunsu ba. A bakin ƙofa ya zauna kan benci ya ɗaura takalminsa a hankali, yana jin Alhaji Saeed a ciki ya wuce zancen gyaran bututun alwala.