Zafin Batirin Keken Baba

Kwana uku a jere, in ta dawo daga aiki da la'asar ta ɗora tafin hannu a kan batirin keken guragun mahaifinta, sai ta ji shi rau kamar goshin mai zazzaɓi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye likita ya hana shi fita shi kaɗai. Ga shi zaune a keken, jikin taga, tayoyin a goge tas. Gogewar ce ma ta fi tsaya mata a rai.

"Baba, kun fita yau?"

"Ina za ni, Uwata? Daga gado sai taga." Bai ɗago daga rediyonsa ba.

Biri dai ya yi kama da mutum. Washegari da safe, kafin ta wuce aiki, ta zo da mai gyara har gaban tsohon. Mai gyaran ya buɗe murfin, ya shinshina, ya duba ko batirin ya kumbura.

"Irin wannan in ya ja nauyi, musamman a hawan tudu, dole ya ɗau zafi, kuma yakan jima bai huce ba. Wannan ba komai. Amma in ba aiki, ba caji, ya yi zafi da kansa, to cikinsa ya lalace, wuta yake shirin kamawa. Sai in tafi da shi yau. Samun sabo kuwa sai an yi wata biyu."

"Cire shi," ta ce. "Baba ba ya fita."

Tsohon ya bi hannun mai gyara da ido har ya kwance noti na biyu.

"Dakata, malam. Lafiyarsa ƙalau. Tudu nake hawa."

Mutum ɗaya suka sani a unguwar kan tudu: yayanta, wanda Baba da bakinsa ya kora shekara bakwai da suka wuce, ya hana kowa ambatonsa. Ita ta bi umarni. Ko da aka haifa masa ɗiya ba ta taka ba.

"Ashe kun shirya, ni aka bari da riƙo?"

"Ban shiga ba tukuna. Bakin layi nake tsayawa in ga yarinyar ta taso daga makaranta." Ya sunkuyar da kai. "Tafiyar mahaifiyarku gare ta."

Mai gyara ya ɗaure notinansa, ya sulale. Ta sauke jakar aikinta daga kafaɗa.

"Ƙarfe nawa ake tashinsu?"

"Biyu saura kwata."

Ta ciro waya, ta kira shugabarta a wurin aiki, ta roƙi hutun rabin yini.