Kakan Gwanjo

Kofin shayin ya tarwatse a ƙasa, Madam Ellery ta miƙe tsaye tana nuna bango da yatsa.

"Wannan hoton, Mista Winslow! Wa ka ce mini shi ne?"

Anthony Winslow ya ɗaga kai ya dubi hoton. Shekara ashirin da suka wuce sunansa Anton Wozniak, yana dafa kitse a ƙwaryar Philadelphia. Yau rabin garin da sabulunsa suke wanka, amma har gobe manyan gidaje ba su gayyace shi rawar shekara ba. Wannan tsohuwar ce ke rubuta sunayen waɗanda za a gayyata, kuma sai da ya yi wata shida yana bibiya kafin ta yarda ta tako gidansa.

"Kakana ne, ranki ya daɗe. Janar Winslow."

Kaka dai! A gwanjo ya saye shi, haɗe da agogon bango da kujeru biyu. Kakansa na gaskiya agwagi yake kiwo a Poland, kuma ko hoton agwagwa bai bari ba.

Matarsa Halina ta raɗa masa, "Na ce maka ka sayi hoton mai gemun nan, ka ce wannan ya fi kama da kai."

"Rufa min baki, Halina."

"Kakan mijina ne!" in ji Madam Ellery. "Alƙali Ellery! Shekara arba'in yana rataye a falona."

Shi ke nan, Anton, ya ce a ransa. Duk matattun da ke garin nan, ka rasa wanda za ka ɗauko sai mai dangi. Har ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai idonsa ya faɗa kan safar hannunta. An yi mata faci a yatsu uku. Ashe talauci ya kama ta. Ɗan kasuwan da ke cikinsa ya farka.

"To, ranki ya daɗe, me ya kai Alƙali gwanjo?"

Tsohuwar ta koma ta zauna a hankali.

"Mutane sun san an kai shi gyara," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ni kuma sun san jikansa ne. Kin ga kowa da abin da aka sani."

Halina ta zuba mata sabon shayi, ta tura mata farantin kek. Madam Ellery ta cinye biyu kafin ta yi magana.

"Wata ƙanwar Alƙali ta yi aure can yamma, aka daina jin labarinta. Ba mamaki ta nan ka fito. Amma a wurin rawar, don Allah kada ka ambaci sabulu... ɗan'uwa."

Anton ya ji kamar ya yi tsalle. Jiya ba shi da kaka, yau har da ƙanwar kaka.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Kafin mai aiki ta hana shi, wani dogon mutum da tsohuwar kwat da takalmi duk laka ya shigo falon. Hancinsa, girarsa, har tsagar haɓarsa, sak na hoton da ke bango.

Ya cire hula ya dubi hoton, sannan ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Mai gwanjo ya ce nan aka kawo babana. Direban keken doki ne, wani mai zane ya ara masa rigar nan. Cikinku wane ne ke cewa jikansa ne?"