Tulif ɗin Femke

Tun lokacin kaka Femke ta binne albasar furen tulif a bakin ƙofarta, tana jiran sanyi ya wuce. Ranar da furannin suka buɗe jajawur, ta dawo daga kasuwa ta tarar da surukinta Wiebe, tsohon manomin albasar fure, ya fille musu kawuna kaf, kamar yadda ya saba a gonarsa.

"Baba, wace irin mugunta ce wannan?"

"Mugunta? Fure shanye ƙarfin albasa yake yi, 'yar nan. Baɗi kya gode mini."

Femke ta kwashe kawunan. Da yamma ta zuba wa kowa dankali, shi kuwa ta juye masa furannin a faranti.

"Bismillah, Baba. Dankalinka sai baɗi."