Kwalbar da Salmanu Ya Kawo wa Inna

Ƙanena Salmanu bai je Makka ba. Duk Tudun Wada ni kaɗai na sani, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Jirgin ƙasa bai daɗe da shigowa Zariya ba wani attajirin Ikko, wato Legas, mai sayen fata, ya ɗauke shi rakiyar hajji a jirgin ruwan Turawa. Innarmu, wadda idonta ya riga ya tafi, abu ɗaya ta roƙe shi: ruwan Zamzam.

Ranar da ya dawo, tun a zaure ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya. Wai jirginsu ya tsaya ɗaukar gawayi a wani birni na Bahar Rum, shi kuwa sarkin yawo ya haye gada, ya shiga wata tsohuwar unguwa da teku ya kewaye. Lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Zariya, gidajen dutse, shanya a saman kan mutane, masunta na ɗinkin koma. Har da wani idon ruwa mai daɗi dab da ruwan gishiri. Yana ba ni labari har da murmushi, mara kunya, kamar in shaƙe shi.

Yana alwala a idon ruwan nan ya ji kukan jirgi na tashi, ya ci gaba da alwalarsa. Shi da ya tashi cikin fatake, wai a saninsa madugu ba ya ɗaga ayari sai ya ga kowa da idonsa, in an rasa mutum a aika nemansa. Jirgin Nasara ne zai aiko a nemo ka, sakarai? Ko da ya fito bakin gada, sai hayaƙi ya hango. Dako ya yi ta yi a tashar jiragen ruwan har ya sami jirgin da ya maido shi.

Na ce to kwalbar da ke aljihunsa fa? Ya sunkuyar da kai. Daga wancan idon ruwan ya ɗebo.

Na wuce gaba a fusace, da niyyar tona masa asiri. Kafin in buɗe baki Inna ta lalubo fuskarsa, tana kiransa Alhaji tana kuka. Ta kurɓi ruwan, ta shafa a idanunta. Sannan ta miƙo kwalbar wajen da ta ji motsina.

"Ke, karɓi ki ɓoye mini. Ran da na cika, da hannunki za ki yayyafa wa likkafanina."

Na karɓa. Tana nan cikin adakata, kuma tun ranar ban ƙara amsa gaisuwar Salmanu ba.