Gidan da Farfesa Ya Ƙi

Matata Nieves ta rasu ta bar mini abu uku: gida mai yoyo, da ƙaninta Toba, da tankin gilashi na ruwan teku a falo. Tankin kaɗai ne ba ya surutu, don haka shi na fi so.

A cikinsa akwai murjani, da wani shuɗin kifi marar tarbiyya, da jatan lande mai naushi, kore, wanda bai wuce tsawon yatsa ba. A ɓoye ya shigo, cikin wani dutse da masuntan ƙauyen Taganga suka ba ta. Ta sa masa suna Farfesa, wai don yini yake a rami yana hararar duniya, kamar wani da ta aura. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a birnin Santa Marta, ladan da na samu ke nan. Ana saura kwana biyu ta cika, ba ta ce in kula da kaina ba. Cewa ta yi, "Anselmo, kar ka bar mini Farfesa ya mutu."

Da ruwan Oktoba ya sauka, rufi ya fara ɗiga daidai kan tankin. Garin kwashe duwatsu in matsar da shi, dutsen da Farfesa ke kwana a ciki ya suɓuce mini ya rabe biyu. Farfesa ya koma lungu ya takure, ya daina cin abinci. Na san alamar, saɓa ce ta kusa. In ya tuɓe ɓawonsa jikinsa zai yi laushi kamar dafaffiyar ayaba, kuma in ba shi da rami shuɗin kifin nan zai gama da shi.

Na karanta littafi uku, na zana gida a takarda: bututu lanƙwasasshe kamar baka, baki biyu, faɗinsa ya ɗara jikin mai shi da kaɗan. Na kira Toba, wanda gyaran famfo ne sana'arsa.

"Mijin yaya, wannan duk na ƙwaro ɗaya ne?" in ji shi, yana juya takardar. "Ni da ke da 'ya'ya biyar ba a zana mini gida ba."

"Shi ba ya zuwa cin abinci ba gayyata."

"Ai bai ɗanɗana shinkafarka da kwakwa ba. Da ya ɗanɗana, da shi ma ya daina cin abinci da dalili."

Ya yanka bututun roba, ya haɗa masa gwiwa biyu. Muka goge bakin da sanfefa, muka shafe bayansa da gam, muka birkiɗa shi cikin yashi da gutsattsarin murjani har ya koma kamar dutse. Na jiƙa shi kwana biyu, na binne shi a tankin. Sannan na tsince duk wata tsakuwa da fasasshen kwanso da ke warwatse a ƙasa, na baje yashin sumul. Tun Nieves na da rai wannan ƙazantar ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Farfesa ya zo, ya shiga ta wannan baki, ya fita ta wancan. Ya kai wa bututun naushi ɗaya, ƙwas, ya koma lungunsa. Na sha ganin ɗalibai sun raina aikina, amma ba wanda ya taɓa yi a taƙaice haka.

Kwana uku bai sake kallon gidan ba. Shuɗin kifin ya fara shawagi a kansa.

Ranar Lahadi Toba ya zo, ba gayyata. Yana cin soyayyen kifi yana leƙen tankin, sai ya ajiye cokali.

"Ina tarkacen yaya?"

"Wane tarkace?"

"Tsakuwoyin da take zuba masa duk Lahadi."

"Na share. Ƙazanta ce."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Kai, mijin yaya! Littafi uku, babu wanda ya gaya maka gida na son ƙofa? Da su yake toshe bakin raminsa in rana ta faɗi. Ka manne kowane dutse da gam, ka kwashe sauran. Kai za ka tuɓe a ɗakin da ba ƙyaure?"

Wataƙila littattafan sun faɗa. Ni dai na fi mai da hankali kan awon bututu.

Toba ya miƙe ya sauko da gwangwanin biskit daga kan kabad. Wata goma sha huɗu ina ganinsa ban buɗe ba, na ɗauka zare da allura ne. Cike yake da tsakuwar bakin teku da ƙananan kwansuna, duk wankakku, duk girman ƙwayar wake. Ashe abin da take sunkuyawa tana tsinta ke nan, lokacin da nake tsaye ina mita cewa rana ta yi zafi.

Na zuba cikin tafi ɗaya a bakin bututun.

Idanun Farfesa suka juya, kowanne da nasa gefen. Ya fito. Ya ɗauki tsakuwa, ya jujjuya ta, ya yar. Ya ɗauki wata ya rungume ya shige da ita. Ya dawo. Toba na tafa hannu yana kirari, "Ɗauki jar, Farfesa! Ba waccan ba, mai wuyar sha'ani, halin mai gidanka!" Kafin rana ta faɗi ya toshe baki ɗaya, ya shiga ta ɗayan, ya jawo wani kwanso ya rufe.

Kwana shida ban gan shi ba. A safiya ta bakwai ina shan kofi kwanson ya motsa. Ya leƙo, korensa sabo fil, kamar ɗanyen lemun tsami. Shuɗin kifin ya matso da iyayinsa, Farfesa ya ɗaga masa hannu kawai, kifin ya juya a guje.

Na kira Toba a waya na gaya masa. Ya yi ihu har na janye kunne.

"To yau akwai shinkafa?"

"Zo da cokalinka," na ce. "In ka ci, za mu sauka bakin teku. Gwangwanin ya yi ƙasa."